Gabar Gwaggo da Mai Kemis

Gwaggona, ƙanwar babana, ba ta iya magana a hankali ba. Tun ƙuruciyarta take tsaye a kan injin niƙa, ƙarar ta cinye mata rabin kunne, shi ya sa ko sannu ta yi maka sai maƙwabta sun amsa. Rumfarta ɗan ɗakin kwano ne a bakin hanyar kasuwa, gari ya yi fari a bango, a girarta, har a jikin kyanwar da ke kwana ƙarƙashin benci. Mijinta ya rasu da wuri, da wannan injin ta riƙe 'ya'yanta, ta haɗa da ni. Kuma duk ƙauyen an san ta da abu guda: ba ta mantuwa. In ka taka ta yau, ko ka yi furfura za ta tuna maka da wace ƙafa ka taka ta.

Matan da ke bin layi a rumfarta ne suka tura ta takarar majalisar ƙauye. Suka ce, "Je ki yi musu ihun nan da kike yi mana." Ta tsaya, ta ci. Shugaban majalisar a lokacin shi ne mai kemis na bakin tasha, mutum mai fararen kaya da sanyin murya, irin wanda zai zage ka ka yi masa godiya. Ba su daɗe ba suka raba gari a kan rijiyar burtsatsen da aka ba ƙauyen. Shi yana so a haƙa ta jikin katangar gidansa, ita ta ce sai dai kusa da makaranta. A tsakiyar zama ta tambaye shi, "Ruwan jama'a ne ko na wankan iyalinka?" Da muryar Gwaggo kuwa, har masu sayar da rake a waje sun ji.

Ana cikin haka haihuwa ta zo wa babbar 'yarta da gardama, aka kwantar da ita a asibitin birni, Gwaggo ta tare a can tana jinya. Mai kemis ya ga faɗuwa ta zo daidai da zama. Ya kira taro, ya ce ta ci mutuncin majalisa, ga shi kuma ta daina zuwa. Aka ɗaga hannu, aka tsige ta. Ba wanda ya aika mata, ba wanda ya buga mata waya, alhali duk cikinsu babu wanda ba shi da lambarta.

Ni na kai ta zama na gaba a kan babur ɗina, ba mu san komai ba. Ta sha sabon zane, tana ta ba mutane labarin jikanta. A bakin ƙofa maigadi, tsohon da take yi wa niƙa kyauta, ya gitta sandarsa yana sunkuyar da kai. "Yi haƙuri, Gwaggo. An ce yanzu ba ke a ciki." Mutane suka tsaya kallo. Sai ga mai kemis ya leƙo ta taga, ya ɗaga mata hannu yana murmushi, kamar mai sallamar baƙo a tasha. Wallahi da ba ta riƙe mini riga ba, da na kwana a hannun 'yan sanda. Ban taɓa jin muryarta ta yi ƙasa ba sai ranar. Ta ce, "Ɗana, mai da ni gida."

Daga nan muka shiga zarya zuwa ofishin da ke kula da majalisun ƙauyuka. Yau a ce oga ya fita, gobe a ce oga yana taro. Inji ya yi ta kwana a kashe, masu niƙa suka koma wani wuri, Gwaggo ko gezau. A ƙarshe wata jami'a mai tabarau ta tara ɓangarorin biyu, ta yi wa mai kemis tambayoyi biyu kacal: kun sanar da ita zargin? Kun ba ta dama ta kare kanta? Ya yi ta kame-kame. Aka soke tsigewar nan take. Ashe ƙa'idar tana nan tun fil azal, ba a taɓa bi ta kanta ba ne, amma daga ranar mutanen ƙauye suka raɗa mata suna dokar Gwaggo. Rijiya kuwa an riga an haƙa ta jikin katangarsa.

Na ɗauka magana ta ƙare. Na ce, "Gwaggo, kin yi nasara." Ta harare ni. "Kujera na karɓo. Ranar nan da aka tare ni a ƙofa, wa ya mayar mini da ita?"

Shekaru suka tura. Aka sake zaɓe, Gwaggo ta zama shugaba, mai kemis ya tsira da kujerar wakilci da ƙyar. Ya tsufa, ciwon suga ya taɓa masa ido, amma hali zanen dutse. Ya faɗaɗa katangarsa ta haɗiye rijiyar, ya sa kwaɗo, sai ya ga dama ya buɗe wa mata su ɗebi ruwa. Ko makaho ya san wannan laifin ya isa a tsige mutum. Sai labari ya zo cewa an kwantar da shi za a yi masa aikin ido. Sakataren majalisa, wani malamin makaranta mai tsoron rigima, ya ce a jira ya dawo. Gwaggo ta ce, "Ni an jira ni?" Aka kira taro, aka ɗaga hannu. Ranar da ya dawo da auduga a ido ɗaya, maigadi ya gitta masa sanda, Gwaggo ta leƙo ta taga ta ɗaga masa hannu. Ina wurin, kuma har gobe ban ga laifinta ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

To shi ma ai ya ga hanya. Ya kai ƙara ofishin nan dai. 'Yan majalisa suka haɗa baki za su ce an aika gidansa, iyalinsa ne ba su isar da saƙo ba. Da ta bi bakinsu, da ya tafi ke nan. Jami'ar ta dubi Gwaggo ta saman tabarau ta ce, "Shugaba, kun sanar da shi?"

"Ba mu sanar ba!" Har masinjan da ke gyangyaɗi a baranda sai da ya zabura.

Aka mai da shi kujerarsa. A hanya na kasa haƙuri, na ce, "Haba Gwaggo, me ya kai ki?" Ta dunguri ƙeyata. "Kai dai ba ka da wayo. In na ce kuskuren ɗan aike ne, to me na rama? So nake shi da duniya su san da gangan na yi." Abin da ya fi ƙona mini rai, mutumin nan a zama na gaba ya miƙe ya ce Allah ya yi wa dokar Gwaggo albarka.

Sai ta sake shiri, wannan karon ba ta bar ko kafar allura ba. Aka kai masa sanarwa hannu da hannu a gaban shaidu. Aka ce shi ya zaɓi ranar da ta yi masa. Ta tara matan da ya hana ruwa, ta bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya har ta tabbata hannaye sun cika. Ta ce mini, "Zan bar shi ya yi magana har yawunsa ya ƙafe. Sannan a ɗaga hannu a gabansa, ya gani da idon nan da aka gyara masa." Na ga Gwaggo tana niƙa tana waƙa, abin da ban taɓa gani ba.

Ana saura 'yan kwanaki, mai kemis ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Ya tafi da kujerarsa, yana ɗan majalisa cikakke, har sakatare ya miƙe a zama yana yabon hidimar da ya yi wa jama'a. Gwaggo ta yi kwanaki ba ta iya cin abinci, mutane suna cewa ashe tana da tausayi. Ni na san ba tausayi ba ne.

Bayan an share makoki babban ɗansa ya zo rumfa, ya durƙusa cikin gari da fararen kayansa, ya ce ya zo nema wa mahaifinsa yafiya. Gwaggo ta kashe inji.

"Shi ya ce ka zo?"

"A'a, Gwaggo. Bai samu ya faɗi komai ba."

Ta kaɗe hannuwanta. "Tashi, ɗana, kai ba ka yi mini komai ba. Amma sau ɗaya na yanke wa babanka hukunci ba ya nan, aka ce ban yi daidai ba. Ba zan kuma ba. In mun haɗu a can, sai na ji ta bakinsa tukun."