Ranar da na taya ragona

Lokacin da Dutse ta zama babban birnin jiha, baƙi suka cika gari, ni kuma na daina yarda da kowa. Ragon layya da na sayo a Aujara sarƙa na sa masa da kwaɗo, na ɓoye makulli ƙarƙashin randa.

Wata rana ina dawowa daga kasuwa na hangi wani ƙosasshen rago yana kiwo a gindin dutse. Da yake dillancin dabbobi nake, na duba haƙoransa, na tambayi yaran wurin ko mai shi zai sayar.

Sai ga 'yar autata a cikinsu. "Baba, naka ne ai. Kullum idan ka fita muke ɗauko makulli a ƙarƙashin randa mu kwance shi."

"Idan aka sace shi fa?"

"Wa zai sace? Kowa ya san shi, sai kai."

Washegari da hannuna na kwance shi, amma na bi shi ina laɓewa bayan duwatsu da babbar rigata, har ya ɓace mini. Na wuni nema. Da na iso gida da la'asar, yana kwance a inuwa yana tuƙa. Ban ƙara ɗaure shi ba har sallah.