Ivor Mai Auna Waƙa da Ƙafa

Shekara talatin da huɗu Ivor Tudge ya yi yana raba wasiƙu a garin Ludlow, kuma duk wanda ya taɓa buɗe masa ƙofa ya san leɓensa ba ya hutawa. Wasu sun ɗauka addu'a yake yi. Waƙa ce. Tun yana saurayi wata tsohuwar malamar makaranta ta bar masa littafin waƙoƙin soyayya na shekara ɗari bakwai da suka wuce, masu Turancin da yau ko ɗan garin sai ya yi gumi kafin ya gane rabinsa. Ivor kan haddace baiti da safe, ya juya shi zuwa maganar yau a bisa hanya. Bai taɓa tsara layi ɗaya a zaune ba. Ƙafa ce ma'auninsa: dama, hagu, dama, hagu, taku takwas layi ɗaya. Kalmar da ta sa shi tuntuɓe, nan yake yar da ita.

A watan Maris aka yi masa aikin ƙugu. Ya fito da sanda.

Ga shi tun Kirsimeti ya yi wa jikarsa Carys alkawarin wata waƙa daga littafin, wadda zai karanta a coci ranar aurenta: wani mutum ya hango mace a bakin rafi, ya rame, ya lalace. Baiti uku sun kammala kafin asibiti. Na huɗu ya ƙi, kuma a cikinsa ne kaɗai matar ke waiwayowa. Aure Asabar, yau Laraba.

Ƙwas, ja, taka. Ƙwas, ja, taka. Daga murhu zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa murhu.

"Ivor, ka zauna, ka cinye mini kafet," in ji matarsa Beryl. "Shayi na uku ke nan yana hucewa."

"Ke dai saurara." Ya karanto mata layi biyu.

"Kamar tebur mai guntuwar ƙafa."

"Ai na sani! Sandar nan ce. Uku take bugawa, ni biyu na iya."

Ba abin da bai gwada ba. Ya buga tebur da yatsu, waƙa ta yi shiru. Ya hau bas har Leominster ya dawo, sai ciwon baya. Ya ajiye sandar ya fita bayan gida, aka tsamo shi daga cikin shingen maƙwabci da ganye a kunne.

Waya ta yi ƙara. Carys ce.

"Kaka, an gama?"

"Saura ƙiris."

"Ƙiris ɗin nan tun Ista nake jin sa. Ka karanta ukun mana, wa zai sani?"

"In bar ango yana ramewa a bakin rafi ranar aurenki? Kuma mutumin zai sani."

"Wane mutumin?"

"Mai waƙar."

"Kaka! Shekararsa ɗari bakwai a kabari!"

"Shi ya sa ba zai iya kare kansa ba, 'yar nema."

Ya ajiye wayar ya koma sintiri. Ya ɗaga labule, ya sake shi. Ya buɗe littafin, ya rufe.

Alhamis da hantsi Beryl ta sa rigar ruwanta, ta zare sandar daga hannunsa ta rataye ta bayan ƙofa.

"Kama hannuna."

"A titi? Jama'a na kallo."

"Sun ga ƙafafunka a sama cikin shinge, wannan ne zai ba su mamaki? Taso, tsoho."

Shekara arba'in da tara da aurensu, kullum yana gaba da saurin mai wasiƙa, tana baya da jakar cefane. Bai taɓa jin takunta ba sai ranar. Gajere ne, daidai, ƙwal, ƙwal a kan duwatsun titi. Ya jingina da ita ya fara ƙirga, leɓensa ya soma motsi. Kusa da kasuwa ya ja birki.

"Ba ya kai takwas. Kina yin shida sai ki ja numfashi."

"To ka yi shida."

"Sauran ukun takwas-takwas ne, Beryl."

"Ba kai ka ce a na huɗu mutumin ya tsufa ba? Wane tsoho ka gani da numfashin takwas?"

"Mu je," ya ce. "Kar ki tsaya."

"Zan sayi nama."

"Kar ki tsaya, na ce!"

Sau huɗu suka zagaye dandalin kasuwa. A na uku mahaucin kasuwar ya leƙo yana share hannu. "Ivor, amarya ka yi ne ba ka gayyace mu ba?"

"Yi shiru, Dennis, aiki yake yi," in ji Beryl, ba ta ko rage tafiya ba.

A na huɗu, dab da ƙofar coci, ya faɗe shi a fili:

Gashi ya yi fari,
Rafi bai ƙafe ba,
Ta waiga ta gan ni,
Na manta da sanyi.

Beryl ta yi taku shida, sannan ta ja numfashi.

"Wannan teburin ya tsaya," ta ce. "Yanzu nama."

Ranar Asabar ya karanta huɗun duka, Beryl tana kujerar gaba tana buga masa dunduniya a ƙasa. Carys ta ɓata kwalliyarta da kuka. Da suka fito, tun ba su sauka daga matakala ba ya fara lalubar aljihu yana neman littafin.

"Akwai wata a shafi na sittin, mai baiti tara..."

"Tara? Ivor, gwiwoyina biyu ne kacal."

"Litinin, ƙarfe goma," ya ce, ya miƙa mata hannu.