Malamin da Ke Cikin Rakoda

Wata ranar Litinin, a daminar da na shiga aji biyu na sakandare a Tsohon Birnin Gwari, shugaban makaranta ya shigo ajinmu rungume da rakoda, ya ɗora ta a kan tebur, ya ce ga sabon malamin lissafi. Namu ya koma Kaduna tun farkon zango, sai darussa ya naɗo a kaset ya aiko. Muka miƙe kamar yadda aka saba, muka gaishe shi baki ɗaya. Bai amsa ba. Ya kama bayani kawai, kamar babu kowa a gabansa. Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Da aka tashi na tsaya ina leƙa bayan rakodar, ina mamakin yadda mutum zai koyar da yaran da ba ya gani.

Na kai labari gida, na tarar da Baba yana wasa lauje a zaure. Ya tambaye ni ko muryar ta kira sunana, ko ta san ɗan gidan wa nake. Na ce a'a. Ya ce, "Wanda ba ya amsa gaisuwa, me zai koya maka ban da rashin kunya?" Washegari ya tura ni gonarmu ta bakin daji korar birai daga masara. Na yini a kan rumfa da gwangwani da majajjawa, ina jiyo ƙararrawar makaranta daga nesa. Sati ɗaya aka ce. Masara ta nuna, dawa ta biyo baya, ban sake taka ajin ba. Iyakar bokona ke nan.

Yanzu gonar ma ta gagare mu saboda 'yan bindiga, malamai kuma tsoron hanya suke. 'Yata Hafsatu, da ke ajin ƙarshe, a waya take bin darasi. Ƙawayenta da yawa sun watsar: wasu babu sabis a unguwarsu, wasu iyayensu sun ce waya ta kallon fim ce. Na tambaye ta me ya riƙe ta. Ta ce wannan malamin ba ya gajiya, ko sau goma ta mayar da shi baya ba zai harare ta ba. Yayana ya ce in ƙwace wayar kafin yarinyar ta lalace. Na ce masa ya je ya ji da nasa 'ya'yan.

Da la'asar nakan zauna kusa da ita, in ce ta ƙara mayarwa, don ni ma ban gane wurin ba. Mu a zamaninmu babu wanda ya mayar mana da komai baya.