Tsohon Bajamushe a Wasan Makarantarmu

Shekarar da aka mayar da ni koyarwa a firamaren garinmu, tsakanin Bici da Kunci, wata Bajamushiya ta zo aikin gwajin irin wake. Kullum tana gonakin mutane tana duba ganye, mu kuwa muna mamakin wanda zai baro ƙasarsu saboda wake. Gidan da ke jikin namu ta kama haya. Da damina ta yi nisa sai ga mahaifinta ya zo ganinta, wani dogon tsoho mai farin gashi da jan hanci. Cewa ya yi 'yan kwanaki zai yi. Bai tafi ba sai da aka gama girbin dawa.

Da safe 'yar takan fita ta bar shi, shi kuma ba mai zaman ɗaki ba ne. Sai ya jawo kujera zuwa ƙofar gidanmu, inda mahaifina yake zama yana tufkar igiya. Baba ba ya jin Turanci, tsohon ba ya jin Hausa, amma haka za ka same su suna hira har azahar, kowa da yarensa. Ran nan na taso daga makaranta Baba ya kira ni.

"Zo ka tambayar mini shi, wai mece ce sana'arsa? Hannun nan dai bai taɓa riƙe fartanya ba."

Na tambaye shi da Turanci. Ya ce shi ɗan wasan kwaikwayo ne, a dandamali da kuma fim. Da na fassara sai Baba ya dubi furfurar tsohon ya ce, "Na ji wasan. To aikin fa?"

Daga ranar na zama tafinta, a haka kuma na ji tarihinsa gutsure-gutsure. Mahaifinsa mai gidan burodi ne a wani ƙaramin gari, ya so ɗan ya gaje shi. Shi kuwa yana saurayi ya bi wata ƙungiyar 'yan wasa da ta ratso garinsu, ya fara da ɗaukar kaya da jan labule. Shekara da shekaru yana yawon garuruwa, yau soja ne, gobe likita, jibi ɓarawo. Daga baya ya shiga fina-finan talabijin na 'yan sanda, inda yawanci shi ne mutumin da ake kashewa tun farkon labari. Bai taɓa zama jarumin fim ba, kuma abin bai dame shi ba. Ya ce a ƙasarsu in ya shiga mota kowa yana ganin ya san fuskarsa, amma sai a ɗauka tsohon maƙwabci ne.

Wata rana da la'asar muka wuce teburin mai shayi, samari sun yi cincirindo suna kallon fim ɗin Indiya mai fassarar Hausa a waya. Tsohon ya leƙa, ya saurara, sai ya kama dariya har da dafa kafaɗata. Ashe shi ma ya daɗe yana wannan aikin, yana ɗora muryarsa da Jamusanci a bakin 'yan fim na wasu ƙasashe. Nan take ya sa aka kashe sautin, ya yi wa mugun fim ɗin magana da Jamusanci, leɓe da murya suna tafiya daidai. Ba wanda ya fahimci ko kalma ɗaya, amma mai shayi ya haɗa masa kofi mai kauri ya ce kyauta ne.

Lokacin ina shirya wa 'yan aji shida wasan ƙarshen zango, labarin manoma biyu da ke rigima a kan iyakar gona. Da ya ji sai ya ce, "Malam, in zo in gani?" Tun daga nan ya ƙwace ragamar. Ya hana yaran juya wa 'yan kallo baya, ya koya musu su dakata in ana dariya kada maganarsu ta ɓace. Abin da suka fi so shi ne faɗuwa. A zauren gidanmu yake nuna musu yadda mutum zai zube ƙasa ba tare da ya ji ciwo ba. Yana cikin yi kuwa Inna ta shigo daga unguwa, ta ga baƙon mutane ya dafe ƙirji ya sulale. Ta yi salati, ta suri butar Baba ta juye masa a ka. Ya miƙe ruwa na ɗiga daga gashinsa, ya ce in gaya mata duk mutuwar da ya yi a fim ba a taɓa karrama shi haka ba. Inna ta ce in gaya masa tsoho da shi ba ya jin kunya. Da magariba kuma ta aika masa tuwo da miyar kuɓewa.

Ƙarshe dai muka ba shi matsayi a wasan: wani tsoho kurma da za a kira shaida a gaban alƙali. Magana ɗaya ce tasa, cewa iyaka tana gindin kuka. Mun sha fama, don duk lokacin da ya faɗa sai bishiyar ta koma kukan hawaye. Da na gaji sai na ƙyale shi.

Ranar wasa aka kafa zana a ƙarƙashin darbejiyoyin makaranta. Dagaci ya zo, iyaye sun cika, mata daga gefe. Tsohon ya fito cikin tsohuwar rigar Baba, wadda ta tsaya masa a gwiwa, da malfa a ka, yana dogara sanda. Sai yaron da ke alƙali ya ɗaga kai ya haɗa ido da mahaifinsa a layin gaba. Shi ke nan, magana ta gudu. Ya yi tsuru-tsuru cikin rawanin da muka naɗa masa.

Ina bayan zana ina zufa sai na ga tsohon ya kanga hannu a kunne ya ce, "Na'am?" kamar an yi masa tambaya bai ji ba. Ya matsa kusa, ya sake cewa na'am. Takalminsa ya cire, ya duƙa nema, ya sa shi a ƙafar da ba tasa ba. Wata kaza ta ratso fili, ya gaishe ta da ladabi. Mutane suna ta dariya, dagaci har da share hawaye, ni kuwa na samu na raɗa wa yaron maganarsa ta jikin zana. Alƙali ya dawo hayyacinsa ya yi tambaya, shaida ya ba da amsa da karkatacciyar Hausarsa, aka sake fashewa. Har yau akwai masu cewa ni na tsara zuwan kazar.

Muna komawa gida na yi masa godiya. Ya ce, "Ai mafi yawan aikina ke nan, Malam. In tsaya kusa da jarumi, in ya yi tuntuɓe in ɗauke idon mutane har ya miƙe."

Bayan ya koma ƙasarsu, 'yar ta nuna mana a wayarta wani sabon fim da ya fito a ciki, yana kakan wasu yara, zaune a lambu da bargo a cinya. Baba ya riƙe wayar nesa da ido ya kalla har ƙarshe. Bai tambayi me ake cewa ba. Ya miƙa mini ya ce, "Ya rame. Ba sa ba shi abinci a can." Washegari ya sa Inna ta soya gyaɗa, aka ɗura zuma a gora, ya kai wa 'yar da kansa, ya ce in za ta je gida ta tafi masa da su.