Dogo Mai Ƙofa da Layin Masu Neman Kati

Shekara ashirin da shida Dogo ya yi yana tsaron ƙofar ofishin da ake yin katin shaida. Ma'aikata suna kiransa Dogo, masu zuwa neman kati kuwa Baba Mai Ƙofa suke ce masa. Ofishin tsohon gini ne mai rufin kwano, da matakala uku a bakin ƙofa, da taga biyu inda akawu ke zama. Daga matakala zuwa taga an kafa ƙarafa da suka lanƙwasa sau huɗu, tsakaninsu iya faɗin mutum ɗaya, shi ma in ba mai jiki ba ne.

A lokacin Dogo ba shi da abin alfahari kamar layinsa. Ba a tsallake, ba a kama wa wani wuri, ba ɗan uwa ba aboki. Ƙanin matarsa ma ya taɓa zuwa yana washe baki, Dogo ya gaishe shi da kyau, ya tambayi mutanen gida, sannan ya nuna masa ƙarshen layi. Kwana biyu uwargida ba ta kula Dogo ba.

Yadda ake yi a wancan zamani, mutum zai bi layi ya miƙa takardarsa, a ba shi 'yar shaida, ya koma gefe ya jira. In katinsa ya fito akawu ya kira suna, Dogo ya maimaita da babbar murya don na waje su ji.

Wata rana da la'asar, an tashi aiki, Dogo yana jawo ƙofa sai ya ga wani mutum zaune a gindin bango, da akwatin gyaran takalmi a gefensa.

Ya ce, "Malam, an rufe. Me kake jira?"

Mutumin ya yi murmushi, ya miƙo 'yar takardarsa. Dogo ya kai wa matar da ke cika wa mutane fom a bakin ƙofa ta karanta masa. Sunan da ya kira sau uku ne tun kafin azahar. Ransa ya ɓaci, ya koma kan mutumin.

"Har muryata ta dishe ina kiranka. Wai kai kurma ne?"

Mutumin ya ƙura wa bakin Dogo ido, sannan ya taɓa kunnensa, ya kaɗa hannu. Mai cika fom ta ce a hankali, "Baba, ai kurman ne. Yau kwanansa uku yana zuwa yana zama a nan."

Dogo ya rasa inda zai sa fuskarsa. Akawu ya riga ya kulle durowa ya tafi, ba abin da za a iya yi sai gobe.

Da ya koma gida aka ajiye masa abinci, ya yi ta juya cokali. Uwargida ta ce, "Maigida, lafiya kuwa?" Ya kwashe labari ya faɗa mata, ya ƙara da cewa shi dai a saninsa bai taɓa cutar kowa a layi ba.

Ta ce, "Da gangan dai ba ka taɓa ba. Amma layin nan naka na masu kunne ne da masu ƙafa. Sauran fa?"

Washegari ya zo da kwali da almakashi da guntun allo. Dogo bai yi nisa a karatu ba, amma lamba ya san ta sarai. Ya yanka kwalin ƙanana, ya rubuta ɗaya zuwa ɗari. Kowa ya zo a ba shi lamba, in an kira sai ya rubuta ta a allo da alli, ya ɗaga sama. Mai gyaran takalmi ne ya fara karɓar katinsa a ranar.

Daga nan idon Dogo ya buɗe, ya fara ganin abin da ya shekara goma yana kallo bai gani ba. Makaho ya tsaya a layi, na gabansa ya matsa bai sani ba, na baya ya zagaye shi. Tsohuwa ta jingina da ƙarfe ƙafarta na rawa. Sai ya jawo wani benci da aka jefar a bayan ofis, ya buga masa ƙusa, ya ajiye a inuwa kusa da taga. Duk wanda tsayuwa ke ba wuya ya karɓi lambarsa ya zauna, in lokacinsa ya yi Dogo da kansa zai zo ya taɓa kafaɗarsa.

Mutane sun yi gunaguni. Wani direba ya ce, "Baba, mu da muke tsaye tun safe fa?"

Dogo ya ce, "Ba gabanka ya shiga ba, ɗana. Lambarsa ce take tsaye a madadinsa."

An kuma samu masu wayo. Wani magidanci ya shigo yana ɗingishi da ƙafar hagu, ya fita sayen ruwa ya dawo yana yi da ta dama. Dogo ya ce, "Ƙanena, ciwon ya yi ƙaura ne?" Aka yi ta dariya. Ya bar shi ya zauna abinsa, da mutumin ya ga bencin ba ya sa a riga kowa, sai ƙafa ta warke.

Matakala da ƙarafa ne suka fi ƙarfinsa. Akwai wata mai ɗinki da ke zuwa a keken guragu, takan kawo ɗalibanta su yi kati. Sai ta bar keken a ƙasa, ta sa takalmi a hannu, ta hau matakala da rarrafe. Dogo ya taɓa cewa zai ɗauke ta, ta ce, "Na gode, Baba, amma ni ba buhu ba ce." Shugabannin ofishin uku a jere ya yi wa maganar, kowanne ya ce za a duba. Ta huɗu mace ce. Ita bai ce mata komai ba, sai da ya hango keken mai ɗinki ya je ya ce, "Ranki ya daɗe, ana son ganinki a ƙofa." Ta fito, ta tsaya ta gani da idonta. Mai ɗinki ta ɗago kai ta ce, "Ba tausayi nake nema ba, ranki ya daɗe. Hanya nake nema."

Cikin wata guda aka kawo magini ya yi gangara ta siminti. Ta farko ta yi tsayi da yawa, mai ɗinki ta gwada, keken ya dawo da ita baya, Dogo ya tare. Ita ta zauna ta nuna wa maginin inda zai fara, aka fasa aka sake. Aka kuma cire jeri ɗaya na ƙarafan, keke ya samu hanya har taga.

Mai gyaran takalmi kuwa ya dawo ya kafa akwatinsa a gefen ƙofa, don ya ga wurin akwai jama'a. Shi ya koya wa Dogo magana da hannu. Shekara goma sha biyar suna hira in layi ya lafa, har gulmar akawu suke yi a gabansa bai sani ba. Duk kurman da ya zo, wurinsu yake fara tsayawa. Ya rasu shekara ɗaya kafin Dogo ya yi ritaya, kuma mutane sun ce daga lokacin Dogo ya rage fara'a.

Yanzu ofishin ya koma sabon gini, na'ura ce ke ba da lamba. Dogo yana gida, gwiwa ta hana shi yawo. Da hantsi yakan sa kujera a ƙofar ɗaki, ya yi ta ba uwargida labarin mutanen da ta ji labarinsu sau ɗari. In hira ta yi daɗi sai ya manta, bakinsa ya yi shiru, hannuwa su ci gaba da zance. Takan bar shi ya yi nisa, sannan ta ce, "Maigida, da baki za ka faɗa, ni ina ji." Sai ya yi dariya, ya ɗora hannuwan a cinya, ya koma inda ya tsaya.