Loma Guda a Kowane Kwano

Ni ba mai ilimi ba ne, lakol ɗin ma, makarantar boko, ban yi nisa ba aka maida ni gona. Yanzu gero da wake nake sayarwa a kasuwar Cadawa. Tun da na ajiye noma na zauna kan buhu jikina ya fara buɗewa. Tumbi ya fito, aka shiga kirana Alhaji alhali ko Yamai ban taɓa zuwa ba. Na ji daɗin abin, ba zan ɓoye ba.

Sallah ce ta tayar mini da hankali. Gwiwoyi suka ƙi. In na yi sujada numfashi ya tokare mini a wuya, tashi kuma sai na dafa na kusa da ni. Har ladan ya ajiye mini kujerar roba a ƙarshen sahu, wurin tsofaffi, ni da furfura ba ta gama fito mini ba.

Na tafi likita a Agiye. Majo, babban mai duba mutane a wurin, ya ɗora ni kan sikeli, ya auna tsawona, ya zagaya mini igiyar awo irin ta tela a cibiya. Ya ce, "Malam, nauyin nan ya fi ƙarfin tsawonka. Irin wannan ƙiba ciwo ce, ita ke jawo hawan jini da ciwon suga. Mi kake ci?"

Na ce, "Tuwo, kamar kowa."

"Kwano nawa?"

A layinmu ciyayya muke yi. Bayan magariba kowane magidanci ya fito da kwanon gidansa ƙofar dattijon unguwa, a ci tare. Wanda ya tsallake kwano ya raina gidan, kuma matar gidan sai ta ji labari. Ni kuwa ba na raina kowa, kowane kwano sai na ga gindinsa, sannan in kora da fura.

Majo ya ce in rage ci. Da farko wauta na yi, na daina fita, ina cin ɗan kaɗan a ɗaki. Sai magana ta tashi wai kuɗi sun sa ina ƙyamar tuwon talaka. Taubashina ya same ni a kasuwa ya ce, "Kai buhun gero, sammu kake tsoro a kwanonmu, ko ka fi mu ne?"

Ranar na koma ciyayya. Kafin a buɗe kwano na ce wa dattijon, "Baba, ina son goshina shi koma ƙasa kamar na kowa. Ba zan tsallake gidan kowa ba, amma loma guda zan yi a kowane kwano."

Taubashin ya ce, "Lomarka ai kan jariri ce."

Aka yi dariya. Dattijon ya ce, "Shi rage ta. Wanda ya ƙara tura mishi kwano, da ni ya yi."

Wahala na sha, kada wani ya ce maka da sauƙi. Nakan wanke hannu cikina na kuka, ga miyar kuka tana ƙamshi a gabana. Na bar hawan kabu-kabu, kasuwa da ƙafa, gida da ƙafa. Shayi na rage masa suga har mai shayin ya ji haushi. Da riguna suka fara yi mini yawa, aka ce na karye a kasuwa. Na bar su da bakinsu.

Damina ta wuce, kaka ta wuce. Wata Juma'a na shiga tsakiyar sahu. Liman ya yi kabbara, na bi shi har ƙasa, goshina ya taɓa tabarma, na tashi da ƙafafuna ban dafa kowa ba.

Da aka sallame taubashina ya leƙo fuskata ya ce, "Kuka kake yi?"

Na ce, "Ƙasa ce ta shiga mini ido. Matsa, zan yi nafila."