Rabin Ƙwayar Gogo Chihera

Sista Nyarai ta shekara ashirin da uku tana auna jinin tsofaffin ƙauyukan Gutu, kuma in ka tambaye ta abin da ta samu a ciki, gwiwoyinta za ta nuna maka. Da can su biyar ne ma'aikatan jinya a ɗan asibitin nasu. Uku sun tafi Ingila jinyar tsofaffin Turawa, saura ita da wata. 'Yarta ma tana can, kuma duk Lahadi sai ta bugo waya: "Amai," wato uwa da yarensu, "ki bar wahalar nan ki taho." Nyarai ta ce to. Shekara huɗu ke nan tana cewa to.

Laraba ce ranar zaga gidaje, don tsofaffin da ƙafa ba ta kai su asibiti. Kuma ba a faɗa wa tsohuwa gida a ce miƙo hannu. Sai an durƙusa, an tafa hannu an gaisa, an tambayi lafiyar awaki da ta jikokin da ke ci-rani can birnin Joni, sannan a sha mahewu, kunun masarar nan mai tsami. Gida goma sha ɗaya, kofi goma sha ɗaya. Wanda ya ƙi sha ya raina masu gida, kuma ranar ba zai ga damtsen kowa ba. Ita kanta shekara biyu ke nan da hawan jinin ya kama ta. Ƙwayoyinta na can ƙasan jaka a ɓoye, don ta san tsofaffin nan, in suka ji, da dariya za su kashe ta.

A cikinsu duka babu mai ci mata rai kamar Gogo Chihera. Tsohuwar ta ba saba'in baya, ga baki, ga taurin kai. Bara jinin ya taɓa kayar da ita a bakin rumbu, hannun hagu ya yi sati uku ba ya ɗaguwa. Likita ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: in ya sake kayar da ita, ba lallai ta tashi ba. Aka ba ta ƙwaya ɗaya kullum da safe, jini ya sauka, kowa ya huta. Sai ga shi wata huɗu da suka wuce ya sake hawa, ya tsaya a ɗari da tamanin ya ƙi motsi.

"Gogo, kina shan maganin nan kuwa?"

"A'a, kaji nake watsa wa."

"Gishiri fa?"

"Ke da kike shan miyata, kin ji gishiri? Miyar da ko kare ya sunsuna sai ya yi mini jaje!"

Nyarai takan zazzage ƙwayoyin a tafin hannu ta ƙirga, kuma kullum daidai suke. Kwana bakwai, ƙwaya bakwai sun tafi. Ta hana ta tabar shaƙa, ta hana ta noma da rana, ta yi faɗa har muryarta ta dushe. Duk Laraba kafin ta sha kwanar gidan sai ta tsaya tana sauraron ko za ta ji kukan mata.

Rannan wani mai amalanken shanu ya rage mata hanya, sai ta fara da gidan Gogo Chihera, wanda ta saba zuwa da azahar. Hantsi bai gama ɗagawa ba. Ta leƙa ɗakin girki, sai ta tarar da tsofaffi biyu a kan tabarma, kai a haɗe. Ɗayar Gogo Masibanda ce, maƙwabciya, sanye da farin ɗankwalin cocinsu. A tsakaninsu akwai faranti, a hannun Gogo Chihera kuma wuƙar yanka ganye. Ta ɗora ta a kan ƙwayar, ta danna da tafin hannu, ƙwaya ta rabe biyu. Ta tura wa ƙawarta rabi.

Nyarai ko gaisuwar ba ta yi ba. Ta sauke jaka ta zauna daɓas a dokin ƙofa.

"Tun yaushe?"

Gogo Masibanda ta sunkuyar da kai. Gogo Chihera kuwa ko gezau.

"Tun girbin gyaɗa. Kuma ki gaishe mu tukuna, ba a daji aka haife ki ba."

Nyarai ta tafa hannu sau biyu, a gajiye. "Gogo, wata huɗu ina neman abin da zai kashe ki, ashe ke ce da wuƙarki. Magani ba tuwon sadza ba ne da za a gutsura wa baƙo! Rabi bai ishe ki ba, ita ma bai ishe ta ba. Ku biyun kuke wahalar banza."

"To in haɗiye tana kallona?" Tsohuwar ta ajiye wuƙar. "Shekara hamsin da ɗaya, tun muna amare, ban taɓa sa abu a baki ita tana zaune ba. Ranar da na binne mijina ita ta riƙe ni. Yanzu ta zo mini da ciwon ƙeya, idonta na ganin duhu, irin nawa sak, in ce mata je ki mutu, nawa na mutum ɗaya ne?"

"Sai ta zo asibiti a yi mata kati."

Nan Gogo Masibanda ta ɗago, murya ƙasa-ƙasa. "'Yata, a gidan ɗana nake zaune. Shi ke jan addu'a a cocinmu, kin kuwa san mu ba ma shan maganin asibiti, ruwan addu'a ne kawai. In aka gan ni a layinku, a gaban jama'a za a tsayar da shi. Ni da tsufana ba zan kunyata shi ba. Kullum cewa nake na zo ɗiban wuta."

Nyarai ta san cocin, ta san ɗan. Ta taɓa tsayawa a ƙofarsa da allurar rigakafi tun safe har rana ta take, ta koma da abarta. Ba ta da sauran ƙarfin wannan yaƙin. Ta jawo jaka kawai ta ce wa Gogo Masibanda, "Miƙo hannu."

Ta naɗa mata abin awo, ta matsa, ta kasa kunne. Ɗari biyu da goma. Ta sake aunawa ko kunnenta ne, ya sake ba ta haka. Na Gogo Chihera kuma yana nan inda ta bar shi.

Ta yi lissafi a zuci. Katin ba wuya, za ta iya yin sa da hannunta, a ajiye shi a nan gidan cikin tukunyar wake, ba mai gani. Maganin ne babu. Abin da ke asibiti an riga an raba wa masu kati, motar da ke kawo wani kuma sai ƙarshen wata, sati uku nan gaba. Ta faɗa musu haka.

"To shi ke nan," in ji Gogo Chihera, ta sake ɗaukar wuƙar. "Sati uku mu ci gaba da rabawa."

"Gogo, ba ki da sati uku na wasa. Ke fa an riga an kayar da ke sau ɗaya."

"In ita ba ta sha ba, ni ma ba na sha. Ki rubuta a littafinki."

Haushi ya turnuƙe Nyarai, har ta ji kamar ta ɗauki jaka ta kama hanyar Ingila a ƙafa. Ta gaji da tsofaffi, ta gaji da mahewu, ta gaji da mutanen da za su mutu saboda kara. Amma ta san matar nan, in ta ce ba ta sha, to ba ta sha. Sai ta tura hannu can ƙasan jaka, ƙarƙashin auduga, ta zaro nata. Iri ɗaya ne da na Gogo Chihera, saura ashirin da biyu.

"Ga na Gogo Masibanda. Ɗaya kullum, guda, ba rabi ba. Wuƙar nan kuma ta koma kan ganye."

Gogo Chihera ta karɓa, ta juya takardar, ta ƙura wa Nyarai ido. Ba ta iya karatu ba, amma ta ga an ɓalle wasu.

"Wannan an fara sha. Na wa ne?"

"Na wani ne da ya bari."

"Ƙarya kike, jikata. Na sha ganin ki a bayan rumbuna kina jefa abu a baki. Kina tsammani don na tsufa na makance? Ke da kika ce magani ba sadza ba ne."

"Ina da wani a gida," in ji Nyarai.

Ba ta da shi. Tsohuwar ta daɗe tana kallon ta, sannan ta tattara gutsure biyun da ke farantin, ta haɗa su a tafin hannu, ta watsa a baki ta kora da ruwa. Gogo Masibanda ta ɓalli guda daga sabuwar takardar, ta waiga ƙofa, ta haɗiye. Nyarai ta sa suka buɗe baki ta duba, kamar yara.

"Zauna ki sha mahewu," in ji Gogo Chihera.

Ta sha. Ta tafa hannu ta yi godiya, ta dafa bango ta miƙe, gwiwoyin suna ƙara. A bakin shinge ta tuna ko na yau ba ta sha ba, dama ta bari ne sai ta isa gidan farko, ga shi ta bayar da su duka. Ƙeyarta ta fara sara a hankali. Ta gyara jakar a kafaɗa ta kama hanya, saura gida goma.